Makarin Ƙwauri da Bakin Yaro: Tarihin Kariya a Filin Ƙwallo

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, kuma ta huɗu a cikinsu ita ce ta yi magana a kan abin da ɗan wasa zai sa a jikinsa. Abu biyar ta wajabta: riga mai hannu, gajeren wando, safa, takalmi, da makarin ƙwauri, wanda 'yan ƙwallo ke kira shingad. Duk wanda ya tsaya bakin fili bayan sallar la'asar a Kebbe ko Kuchi, ko a Dogon Daji da cikin garin Tambuwal, zai ga yara da yawa biyu kaɗai suka cika daga cikin biyar ɗin. Wasu ba takalmi, wasu da silifa, wasu da takalmin roba. Wanda ya yi sa'ar samun safa kuwa yakan cusa kwali ko guntun tsohuwar silifa a ciki, ya ce ya kare ƙwaurinsa.

Abin da zai fara zuwa zuciyar mai kallo shi ne rashin kuɗi, kuma wannan gaskiya ce. Amma tarihin wasan ya nuna wani abu bayan wannan. Kusan kowace kariya da ake da ita a filin ƙwallo a yau sai da ta yi kokawa da kunya kafin ta karɓu, kuma raunin da ya fi yi wa yaro ɓarna shi ne wanda ya ji a jikinsa ya kasa buɗe baki ya faɗa.

Mutumin da aka yi wa dariya a 1874

A farkon tarihin ƙwallon ƙafa a Ingila, shurin ƙwaurin abokin karawa wani ɓangare ne na wasan. Lokacin da aka zauna a Landan a 1863 don kafa hukumar ƙwallo da rubuta dokoki, batun wannan shuri na cikin abubuwan da suka raba kan mahalarta, har wakilin ƙungiyar Blackheath ya fice saboda an hana shi. A ganin irinsu, jure shuri alama ce ta mazantaka, kuma wasan da aka cire masa shuri ya rasa gishirinsa.

An hana shurin a takarda, amma ƙwauri bai huta ba, domin takalman lokacin masu nauyi ne. A 1874 wani ɗan wasan Nottingham Forest mai suna Sam Weller Widdowson, wanda kuma ɗan wasan kurket ne, ya ɗauki makarin ƙafar da ake sawa a kurket ya rage masa tsawo, ya ɗaura a kan safarsa, ya shiga fili. An yi masa dariya. Bai cire ba, kuma ba a jima ba wasu suka fara kwaikwayonsa, sai dai daga baya makarin ya koma cikin safa inda ido ba ya ganinsa. Duk da haka sai a 1990, shekara 116 bayan nan, aka mayar da shi wajibi a dokokin wasan.

Dalilin amfaninsa yana cikin halittar ƙafa. Gaban ƙwauri ba shi da tsoka mai kauri, fata ce kawai ta rufe ƙashi. Makarin yana baza ƙarfin duka a wuri mai faɗi, ya rage yanka da kumburi da taruwar jini. Ba ya hana kowace karaya, domin dukan da ya isa ya karya ƙashi yakan fi ƙarfinsa. Amma a filin da wani yaro ke sanye da takalmi mai ƙusoshi, wani kuma ƙafarsa tsirara, bambancin da yake kawowa babba ne. Abin lura shi ne har yau batun kunya bai rabu da shi ba. Yaran da ke cika gidajen kallon ƙwallo suna ganin taurarin Turai irin su Jack Grealish da 'yan mitsi-mitsin makarai da safa a zame, sai babban makari ya zama abin tsokana a tsakaninsu. A 2024 ma hukumar da ke tsara dokokin wasan ta ɗora wa ɗan wasa alhakin girman makarinsa da dacewarsa. Wannan hukunci ya yi daidai da baligi mai likita a bayansa, amma yaro ɗan shekara tara yana buƙatar babba ya zaɓa masa.

Ƙafar da ba takalmi

Wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinsa a Najeriya an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A Arewa kuwa ta makarantun boko da barikin soja da 'yan jirgin ƙasa wasan ya shigo. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, wasanni na cikin tarbiyyar ɗalibai, kuma a nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shahara da wasan fayif. Zuwa 1953 Kano ta ci kofin ƙalubale na ƙasa, wanda tun kafa shi a 1945 bai taɓa barin Legas ba.

A duk tsawon wannan lokaci, wasa ba takalmi shi ne abin da aka saba. A ƙarshen watan Agusta na 1949 tawagar Najeriya ta farko ta sauka a Liverpool ƙarƙashin jagorancin Etim Henshaw, da 'yan wasa irin su Teslim Balogun da Dan Anyiam. Yawancinsu bandeji kawai suka naɗa a ƙafa. Sun ci ƙungiyar Marine 5 da 2 a wasansu na farko, jama'a suka yi ta mamaki. Amma da aka yi ruwa fili ya yi santsi, sai ƙafar da ba takalmi ta kasa riƙe ƙasa, suka sha kaye mai nauyi. Shekara guda kafin nan, yawancin 'yan wasan Indiya ma haka suka kara da Faransa a gasar Olamfik ta Landan, aka ci su 2 da 1 da ƙyar.

Ana ba da waɗannan labarai da alfahari, kuma sun cancanta. Sai dai 'yan wasan 1949 manya ne, a kan ciyawar da aka gyara suka yi wasa. Yaron Kebbe a kan tsakuwa yake gudu, a filin da akwai tsidau da ƙarangiya da fasasshiyar kwalba, wanda kuma shanu da tumaki suka bi ta cikinsa da safe. Bayan da Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, ƙwallo ta zama burin miliyoyin yara, ta kai ƙauyukan da ba su da fili mai kyau ko akwatin magani. Wasan ya riga kayan kariyarsa isa karkara, kuma har yanzu tazarar ba ta rufe ba.

Jarumtar shiru

Ƙwallo ba ta tarar da filin Hausa babu wasa ba. Ta tarar da dambe da kokawa da langa, ta tarar da sharo a wurin Fulani. Kowanne daga cikinsu yana da irin kariyarsa. Ɗan dambe yakan naɗe hannu da kara, ya ɗaura laya da kambu, ɗan kokawa ya ɗaura walki da guru. Amma abin da waɗannan fagage suka fi koyar da yaro shi ne kada ya nuna ciwo. A sharo saurayi yakan tsaya a tsula masa bulala, ya ɗaga hannu yana kirari, fuskarsa ba ta canza ba, domin wanda ya yamutsa fuska ya kunyata kansa da danginsa. Sunan Shago bai yi tashe a bakin Ɗan Anace don ya iya kuka ba.

Wannan tarbiyya tana da amfani a rayuwar da ke buƙatar juriya, kuma ba Hausawa kaɗai ke da ita ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Ingila a 1956, mai tsaron gidan Manchester City, Bert Trautmann, ya yi karo da wani ɗan wasan Birmingham City saura minti 17 a tashi. Ya ci gaba da wasa har aka tashi, ya karɓi lambarsa wuya a karkace. Sai bayan kwana uku hoton asibiti ya nuna ƙashin wuyansa ya karye. Shekaru da dama ana ba da labarin a matsayin jarumta, alhali saura ƙiris ya rasa ransa.

Ko a 2014 abin bai gushe ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya a Brazil, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, ya ci gaba da wasa kusan minti 15 kafin a fitar da shi. Alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya bayyana daga baya cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan shi ne wasan ƙarshe. Idan ɗan wasan da likitoci ke zaune saboda shi a bakin fili zai iya kaiwa haka, to ina ga yaron da ya san in ya koma gida da ɗingishi faɗa zai sha, wataƙila ma a hana shi ƙwallo gaba ɗaya?

Raunin da ido ba ya gani

Mafi haɗarin raunukan yara a ƙwallo suna da hali guda: ba a gane su sai yaron ya yi magana.

Na farko shi ne buguwar kai. Ƙwaƙwalwa tana iya girgiza a cikin ƙoƙon kai ba tare da jini ya fita ko yaro ya suma ba. Alamunta ciwon kai ne da jiri da gani dishi-dishi da tashin zuciya da ruɗewa, kuma mafi yawansu mai su kaɗai ke jin su. Komawa wasa kafin a warke yana ƙara haɗari. Duniyar ƙwallo ta daɗe kafin ta yarda da wannan. A 2002 Jeff Astle, tsohon ɗan wasan West Bromwich Albion, ya rasu yana da shekara 59, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya danganta cutar ƙwaƙwalwarsa da yawan buga ƙwallo da ka. Iyalinsa suka ƙi yin shiru, suka yi shekaru suna neman a bincika. A 2019 wani bincike na Jami'ar Glasgow a kan tsofaffin 'yan wasan Sukotland sama da 7,000 ya gano cewa haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a sau uku da rabi. Tun 2015 Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, a 2020 kuma Ingila ta hana hakan a atisayen yaran firamare. A 2024 aka shigar da canjin ɗan wasa na musamman saboda buguwar kai cikin dokokin wasan. Hular kariya irin wadda Petr Čech ya riƙa sawa bayan ƙoƙon kansa ya tsage a 2006 tana kare fata da ƙashi, amma bincike bai tabbatar da cewa tana hana girgizar ƙwaƙwalwa ba. Maganin da aka tabbatar shi ne a fitar da yaro daga fili, kuma hakan yana farawa ne daga bakinsa.

Na biyu shi ne ƙaramin rauni a tafin ƙafa. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, wadda ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta hudar ƙaya ko ƙusa, kuma alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da kowa ya manta da raunin. Allurar rigakafi tana hana ta. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 a jihar Sakkwato suka samu dukkan alluran farko, mafi ƙaranci a Najeriya. Yaran da aka ƙirga a wancan bincike su ne yanzu suka kai shekarun bin ƙwallo a fili.

Na uku shi ne ƙashi. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga wasu wurare masu taushi kusa da gaɓoɓi, kuma abin da ake ɗauka targaɗe ne a idon sawu ko wuyan hannu yana iya zama tsagewa a wannan wuri. In ba a gyara da kyau ba, ƙafa kan iya girma a karkace ko ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Maɗora suna da daɗaɗɗen matsayi a ƙasar Hausa, amma ɗaurin da ya matse ƙwarai yana tsayar da gudun jini. Yaron da aka ɗora, yatsunsa suka yi sanyi ko suka mutu, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, in ya daure don kada a ce masa rago, yana iya rasa gaɓar. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe kuwa ya fi haka. Inda hanya ke da nisa, kowace sa'a da shiru ya cinye tana da tsada.

Akwai kuma cutarwar da ba ƙwallo ke kawo ta ba. A watan Nuwamba na 2016 wani tsohon ɗan wasan Ingila, Andy Woodward, ya fito ya shaida wa jaridar Guardian cewa kocinsa ya yi lalata da shi tun yana yaro. Kusan shekara 30 ya yi bai bayyana wa duniya ba. Cikin 'yan makonni ɗaruruwan mutane suka fito da irin labarinsa, aka ɗaure masu laifi, kuma a 2019 FIFA ta fito da tsarin kare yara a harkar ƙwallo. Duk inda babba ke da ikon sa yaro a wasa ko ajiye shi a benci, ko yi masa alkawarin kai shi birni, irin wannan ƙofa tana iya buɗewa, kuma shirun yaro shi ne abin da mai mugun nufi ke dogaro da shi.

Kunya da ƙofofinta

Shin wannan na nufin a yaƙi kunya? A littafinsa Mutumin Kirki na 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, kunya na ciki tare da gaskiya da amana da haƙuri da hankali. Ita ce ke sa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya rage murya, ya bar dattijo ya gama magana. Al'ummar da ta zubar da wannan ta yi asara. Amma lissafin da ya ƙunshi kunya shi ne ya ƙunshi gaskiya da hankali, kuma yaron da ya ce lafiyarsa lau alhali kansa na juyawa ya saki biyu don ya riƙe ɗaya.

Magabata sun san wannan, shi ya sa duk inda al'ada ta gina katangar kunya ta bar ƙofa. Uwa tana kunyar ɗan farinta, ba ta ko faɗin sunansa, amma ga kaka da ke wasa da shi, ga gwaggo, ga kawu, ga taubashi. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba yakan faɗa wa kakarsa, ita kuma ta isar. A watan azumi yaron da ba ya iya haɗa ido da babba shi ne zai tsaya ƙofar gida yana tashe da murya sama. Ɗan damben da ke haɗiye ciwo shi ne kuma ke kirari gaban ɗaruruwan mutane. Ashe al'ada ta san lokacin shiru, ta san lokacin ɗaga murya.

Tarihin ƙasar Sakkwato ya ƙara tabbatar da haka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kuma ɗan'uwanta Muhammadu Buhari ya zauna a Tambuwal, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimantar da matan karkara. Takan naɗa jagora da ake kira jaji, ta ɗora mata malfa, kuma wannan alama ita ce ke ba mace izinin tafiya da tsayawa gaban jama'a ta koyar ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. A 1986 kuma Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda ta sa dubban yara maza da mata zama gaban alƙalai da taron jama'a suna karatu da murya tsayayya. Babu wanda ya ce ladabinsu ya ragu. Abin da ya buɗe bakinsu a duka misalan biyu shi ne izini daga babba, da wuri sananne, da maimaitawa har abin ya zama jiki.

Abin da ya rage ga manya

Filin ƙwallon yara a karkara sabon fage ne da al'ada ba ta riga ta yi masa ƙofa ba. Babu kaka a bakin fili, kuma kocin sau da yawa saurayi ne ɗan sa-kai da ke son a ci wasa. Yin ƙofar ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Kayan da ake saye suna da muhimmanci, kuma a san wanda za a fara da shi. Takalmi mai rufe ƙafa shi ne kan gaba, ko da kambas ne, sai makari daidai tsawon ƙwaurin yaro, sai ruwan sha, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. A share fili kafin wasa, a raba yara bisa girman jiki, kada mai ƙusoshi ya kara da mara takalmi, a duba katin rigakafi. Ma'aikacin da ke aika wa ƙungiyar unguwarsu riguna masu ɗauke da sunansa zai fi taimakonsu in ya fara da takalma da akwatin wanke rauni.

Sauran aikin na magana ne. Yaro yana yin shiru saboda ya lissafa abin da maganar za ta jawo masa: dariyar abokai, zaman benci, faɗan gida. Sai an canza wannan lissafi zai buɗe baki. Kocin da ya kafa doka cewa wanda ya faɗi ciwonsa wurinsa na nan yana jiransa, ya kuma yaba masa gaban sauran, ya mayar da magana jarumta. Uban da ya fara da tambayar inda ke ciwo kafin ya tambayi wanda ya ba da izinin fita, gobe ma za a gaya masa. Tambayar kanta tana da salo. In aka ce wa yaron Hausa “Lafiya dai?” amsar da tarbiyya ta sa a bakinsa ita ce “Lafiya lau.” In aka ce “Nuna mini wurin,” ko “Wa ya ci ƙwallon ƙarshe?”, sai gaskiya ta fito. Haka nan a riƙa juya kyaftin tsakanin yara, kowa ya samu ranar da zai yi wa alƙalin wasa magana cikin ladabi a madadin 'yan'uwansa, kuma a sa kowane yaro ya zama mai lura da abokinsa, domin wanda ke kunyar faɗin nasa ciwon ba ya kunyar faɗin na wani. A kuma sanar da yara wani babba guda, wanda ba kocin ba, da za su iya kai wa kowace irin ƙara.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi cewa “Malam, kaina na juyawa” yana ɗan shekara tara, shi ne zai iya yi wa likita cikakken bayani yana ɗan ashirin, ya kuma tashi a taron gari ya faɗi abin da ke damun mutanensa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Makarin ƙwauri yakan tsufa cikin shekara ɗaya ko biyu, ko ƙafa ta fi ƙarfinsa a miƙa wa ƙane. Bakin da aka koya wa faɗin gaskiya cikin ladabi kuwa, da shi yaro zai girma.